Tashar da Ke Bayan Iyaka: Reluwen Kano da Reshen Nguru a Tarihin Magarya da Dungas

Taƙaitawa

Ba a taɓa shimfiɗa layin dogo ba a gundumomin Magarya da Dungas. Duk da haka, daga 1911 zuwa tsakiyar shekarun 1970, jirgin ƙasa ne ya tsara abin da manomin wannan yanki yake shukawa, da irin kuɗin da yake riƙewa, da inda samarinsa suke zuwa cin rani. Wannan maƙala ta ɗauki tashar Kano da ƙananan tashoshin reshen Nguru a matsayin tashoshin yankin, ko da yake suna cikin Nijeriya. Ta bi tarihinsu tun daga isowar dogo Kano har zuwa mutuwar cinikin gyaɗa, ta kwatanta su da wata tashar karkara ta ƙasar Japan, sannan ta nuna abin da wannan tarihi yake nufi game da sabon layin Kano zuwa Maraɗi.

1. Gabatarwa

Idan aka zo tarihin reluwe a Nijar, an saba a fara da shirye-shiryen da ba su tabbata ba: layin ƙetare Sahara da Faransawa suka yi ta mafarki tun ƙarni na 19, da layin Abijan wanda ya tsaya Wagadugu a 1954, da layin Kwatano wanda ya tsaya Faraku a 1936. Daga nan sai a tsallaka zuwa tashar Yamai da aka buɗe a 2014, da layin Yamai zuwa Dosso da aka ƙaddamar a 2016. Wannan tsari yana sa mai karatu ya ɗauka cewa jirgin ƙasa bai taɓa shiga rayuwar mutanen Nijar ba.

A ganinmu wannan kuskure ne, kuma tushensa shi ne ɗaukar iyakar ƙasa a matsayin iyakar bincike. Tasha ba ginin da ke bakin dogo ba ne kaɗai. Ta haɗa da dukan ƙasar da take tura mata kaya, take kuma karɓar kaya daga gare ta. In an auna da wannan ma'auni, Magarya, wadda ke kimanin kilomita 150 daga Kano, ta fi garuruwan Nijeriya da yawa kusanci da dogo, kuma tana cikin ƙasar tashar Kano kamar yadda Ɓaɓura da Kazaure suke. Haka ita ma Dungas, wadda hanyarta ta bi ta Maigatari da Gumel ta faɗa tashar Gagarawa.

Tambayoyin da muka sa gaba uku ne. Yaya tashar da ke ƙarƙashin mulkin Ingila ta zama ƙofar tattalin arzikin wani yanki na mulkin Faransa? Me ya sa hukumomi, na mulkin mallaka da na bayan ƴancin kai, suka kasa juya wannan yanki zuwa wata ƙofa? Kuma me ya kashe wannan dangantaka?

2. Ƙasar kafin zuwan dogo

A ƙarni na 19 kudancin Damagaram ba bakin iyaka ba ne. Dungas da Waca suna cikin ƙasashen Sosebaki, Magarya kuwa Masallaci ne ya kafa ta, ɗan gidan sarautar Haɓen Daura waɗanda jihadi ya fitar daga birninsu. Tumbi, tsohon mazaunin sarakunan Gumel kafin su koma garin Gumel, yau tana ɓangaren Nijar. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, yawancin waɗannan ƙasashe sun shiga ƙarƙashin ikon Zinder, suna biyan gaisuwa da hatsi da bayi.

Hanyar fatauci a wancan lokaci daga kudu zuwa arewa take. Ayarin da ya tashi daga Kano da turkuɗi da jima da hauren giwa da gashin jimina yakan ratsa wannan yanki zuwa Zinder, daga can Agadas, Gat, Tarabulus. Azbinawa kuma sukan gangaro da gishirin Bilma da dabino su koma da gero. Abin lura shi ne, gabar tekun da yankin yake fuskanta a lokacin ita ce ta Bahar Rum, kuma Zinder ce zangon tsakiya.

Faransawa sun ci Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini, Ingilishi kuma suka ci Kano a 1903. Yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 su ne suka yanka iyaka, ayarin Tilho da O'Shee ya kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Iyakar ta raba Magarya da Zangon Daura da Ɓaure, ta raba Dungas da Gumel. Ta raba haraji da shari'a da kuɗi, amma ba ta raba kasuwanni da aure ba. A kan wannan hali dogo ya iso.

3. Isowar dogo Kano

An amince da aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, a zamanin Gwamna Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya riga ya yi aikin dogo a Sudan. Nufin farko shi ne a haɗa Kano da kogin Kwara a Baro, daga can jiragen ruwa su kai kaya teku. Dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, a zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a Afrilun 1912. A wannan shekara aka haɗe shi da layin Ikko ya zama hukuma guda, ko da yake sai da aka gama gadar Jebba a 1916 taragu suka daina ƙetare Kwara a kan jirgin fito. Faɗin layin milimita 1,067 ne, tsawonsa daga Kano zuwa Ikko ya ɗan haura kilomita 1,100.

An gina tashar a wajen ganuwa, kusa da Fagge, wato a daidai inda ayarin Azbin ya saba sauka. Kantunan kamfanonin Turawa da na Kwara suka kewaye ta, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da ƴan kasuwa daga kudu. Sabuwar ƙofa ta zauna a kan tsohon zango.

Turawan Ingila auduga suka sa rai za ta cika taragu, domin masaƙun Lankasha. Manomin Kano ya zaɓi gyaɗa, saboda auduga tana da kasuwarta a wajen masaƙan gida da farashi mai kyau, gyaɗa kuwa tana son jigawa, tana gyara gona, kuma in an shiga yunwa ana cin ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka ƙware a cinikin goron Gwanja, suka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa. A 1913 abin da Nijeriya ta fitar ya haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan bai kai tan 2,000 ba. Jan Hogendorn ya yi bayanin wannan sauyi dalla-dalla a littafinsa na 1978.

Ga Damagaram, sakamakon ya zo ta fuska biyu. Na farko, fataucin Sahara ya mutu. Kayan da ya bi teku da dogo daga Turai yana isa Kano da sauri da arha fiye da wanda raƙumi ya ɗauko daga Tarabulus, kuma a 1911 ɗin nan Italiya ta faɗa wa Libiya. Yunwar Kakalaba ta 1913-1914 da yaƙin Kawusan na 1916-1917 suka ƙarasa raƙuman Azbin. Stephen Baier ya nuna yadda Buzaye da fataken Damagaram da suka rage suka juya fuskarsu kudu. Na biyu, ita kanta hukumar Faransa ta koma dogaro da tashar Kano. Zinder ce hedikwatar ƙasar daga 1911 zuwa 1926, kuma hanya mafi sauƙi ga jami'i ko wasiƙa ko siminti daga Faransa zuwa Zinder ita ce ta Ikko da Kano. Babban birnin wani mulki yana shaƙar iska ta tashar wani mulkin. Wannan bai yi wa Dakar daɗi ba, kuma kusancin Zinder da Kano yana cikin dalilan da ake kawowa na mayar da hedikwata Yamai a 1926.

4. Reshen Nguru da ƙananan tashoshinsa

A ƙarshen shekarun 1920 hukumar Nijeriya ta miƙa rassa biyu zuwa arewa domin kwaso gyaɗar da ke nesa da Kano. Na yamma ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Na gabas ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. In an duba taswira za a ga cewa reshen gabas yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da iyakar Nijar. Shi ne dogon da ya fi kusa da Dungas da Malawa da Dogo-Dogo da Guci.

Akwai abu biyu game da waɗannan tashoshi da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, layin bai shiga biranen sarauta ba. Ya bar Gumel ya tsaya Gagarawa, ya bar Haɗeja ya tsaya Malam Madori. Injiniyoyi ƙasa mai sauƙin shimfiɗa suka bi, suna gudun fadamun kogin Haɗeja. Abin da ya biyo baya shi ne tashin sababbin garuruwa a bakin dogo, masu kantuna da sikeli da ɗakunan ajiya, inda ɗan kasuwa da malamin tasha suka fi hakimi faɗa a ji a sha'anin ciniki. Malam Madori ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka yi dalar gyaɗa. Nguru, da yake can dogo ya ƙare, ta zama matattarar shanu da fatu da ƙaro da kanwa da busasshen nama daga Borno da Manga da Muniyo, har zuwa 1964 lokacin da wani layin ya isa Maiduguri ya rage mata ƙasa.

Na biyu, tashar ba ta aiki ita kaɗai. Tsakaninta da gonar manomi akwai jerin kasuwannin mako, kuma Maigatari, mai ci ranar Alhamis, ita ce babbar mahaɗa ga mutanen Dungas. Kaya yana barin ƙauye a kan jaki ko takarkari, ya taru a kasuwar kan iyaka, daga nan raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, su kai shi bakin dogo. Buzayen da suka rasa hanyar Tarabulus sun sami aikin rani a wannan jigila. Abin da ke dawowa kuwa shi ne goro, atamfa da akoko, kananzir, gishirin kanti, kwanon sha, da sulallan Ingila.

Mutane ma sun bi wannan hanya. Ɗan cin rani daga Bande ko Ɗan Cawo yakan taka zuwa Kano, in ya sami abin tikiti ya wuce Jos haƙar kuza, ko Ibadan da Ikko dako da ga-ruwa da gadi. Wasu sun gudu ne daga lanho da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. Almajirai da maniyyata su ma sun yi amfani da jirgin wajen rage tafiyar gabas.

5. Gyaɗar Magarya da taragon Ingila

Tun kafin hukumar Faransa ta shirya cinikin gyaɗa, manoman kudancin Damagaram suna kai tasu kasuwannin Nijeriya domin su sami abin biyan lanho. Abin da ya sauya al'amari shi ne karyewar tattalin arzikin duniya na farkon shekarun 1930. A 1933 Faransa ta yi dokar da ta fifita kayan mai na ƙasashen da take mulka a kasuwarta. Daga nan ya zama akwai riba a sayi gyaɗa a cikin ƙasar Nijar, a rubuta ta a matsayin ta Faransa, a kai ta matatun Marsai da Bordo. Aka buɗe kasuwannin gyaɗa na hukuma, aka raba iri ta hannun ƙungiyoyin tanadi da kwamandoji suke shugabanta, sarakunan kanto suka matsa wa talakawa su shuka. Magarya da Matamai, masu jigawa da ruwan sama fiye da sauran ƙasar, suka zama cibiyar wannan noma tare da Maraɗi da Tasawa.

Sai dai ita wannan gyaɗa ta Faransa ba ta da hanyar zuwa teku sai ta dogon Ingila. Ana auna ta a Magarya, a loda ta zuwa Kano, ta shiga tarago a matsayin kayan wucewa, a sauke ta a Apapa. Saboda haka kowace kaka sai hukumar Nijar ta nemi rabonta na taragu daga hukumar da ita ma take da tata gyaɗar. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, lokacin da Afirka ta Yamma ta Faransa take bin gwamnatin Vichy, an rufe iyaka, cinikin ya tsaya, aka ga iyakar dogaron a fili. Bayan yaƙin kuma reluwen Nijeriya ya rasa kawunan jirgi da taragu, buhuna suka taru a Kano shekara da shekaru. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita, mai ɗauke da buhu kusan 15,000, a asali alamar wannan cunkoso ce: kaya ne da ke jiran jirgi.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya shafi duk mai aiki da alƙaluman wannan zamani. Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ta Nijeriya ce take yanke farashi, kuma takan biya manomi ƙasa da farashin duniya ta ajiye rarar. Faransa kuwa tana biyan fiye da farashin duniya, kuma tun Disamban 1945 akwai kuɗin sefa. A shekarun da farashin Nijar ya fi, gyaɗar Ɓaɓura da Ɓaure da Gumel takan tsallaka arewa da dare, a saye ta a sikelin Magarya ko Dungas, sannan ta dawo kudu da rana a cikin mota, da takardar duwan, ta shiga tarago a Kano da sunan gyaɗar Nijar. A shekarun da lissafi ya juya, ita ma hanyar takan juya. John Collins, wanda ya yi bincikensa a Magarya a kan cinikin gyaɗa daga shekarun 1930 zuwa na 1970, ya bi diddigin wannan kai-da-kawo a maƙalarsa ta 1976. Darasin ga mai bincike shi ne: adadin da aka saya a kasuwannin Magarya ba shi ne adadin da gonakin Magarya suka bayar ba. Wanda ya ɗauki na farko a madadin na biyu zai ga bunƙasar noma a inda bambancin farashi ne kawai ya yi aiki.

Manomin bai ɗauki wannan a matsayin laifi ba. Kasuwar da ya kai kayansa kasuwar kakanninsa ce, mai sikelin kuma wataƙila surukinsa ne. William Miles, a nazarinsa na 1994 a kan Yekuwa ta ƙasar Magarya da Yardaji ta ƙasar Daura, ya nuna yadda ƙauyuka biyu masu tazarar tafiyar ƙafa suke rayuwa da hukumomi biyu da zumunci guda.

6. Ƙoƙarin juya ƙofa

A kakar 1953-1954 hukumar Faransa ta fara shirin da ta kira Hirondelle. Manufarsa ita ce motocin da suka hauro da kaya daga Faraku su koma da gyaɗa, jirgin Dahome ya kai ta Kwatano, ana cike giɓin kuɗin jigila daga wani asusu na musamman. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, OCDN, domin tafiyar da layin.

Lissafin nisa ya isa ya bayyana iyakar wannan shiri. Daga Magarya zuwa Faraku ta Dosso da Gaya tafiyar mota ce ta kimanin kilomita 1,300, sannan a ƙara 438 a jirgi. Ta Kano kuwa, kilomita 150 ne a mota, saura duk a kan dogo. Tunda jigilar mota ta fi ta jirgi tsada nesa ba kusa ba, shirin ya fi dacewa da yammacin ƙasar. Gabas ta ci gaba da fuskantar Kano.

Ƴancin kai na 1960 bai sauya wannan ba. Gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai, ta kafa UNCC domin ƙungiyoyin manoma. A lokacin gyaɗa da manta da ƙuli-ƙulinta su ne fiye da rabin abin da Nijar take sayarwa waje, kuma a kakar 1966-1967 abin da aka saya ya kai wajen tan 190,000 na ɓararriya. Matatun mai na Maraɗi da Matamai, da na SEPANI a Magarya, wani yunƙuri ne na rage nauyin abin da ake turawa teku. Amma babban kaso na kuɗin shigar sabuwar ƙasa yana rataye da jadawalin jirgin wata ƙasa.

7. Faɗuwa

Musibun sun zo a jere cikin shekara goma. Rikicin 1966, wanda tashar Kano kanta ta ga zubar da jini a cikinsa a farkon Oktoba, ya sa dubban ƙwararrun ma'aikatan reluwe ƴan gabashin Nijeriya suka gudu. Yaƙin Biyafara, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, ya rufe layin Fatakwal, kayan arewa duka suka koma kan layin Ikko. A daidai wannan lokaci Faransa ta janye farashin gata bisa ƙa'idojin Kasuwar Tarayyar Turai. Fari ya biyo baya daga 1968 zuwa 1974, manomi ya koma neman gero. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda ɗarɓa take yaɗawa, ta cinye amfanin Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar gaba ɗaya.

Bayan haka babu hukumar da ta damu ta tayar da abin da ya faɗi. Nijeriya ta sami man fetur, Nijar ta sami yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971 kuma a lokacin ta Kwatano yake fita. Kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, man mota ya yi arha, tirela ta ƙwace shanu da goro daga hannun tarago. Manoman Magarya da Dungas suka maye gurbin gyaɗa da wake da riɗi, waɗanda kasuwarsu tana cikin Nijeriya kanta, a Maigatari da Dawanau, ba sa bukatar teku. An rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, lokacin yunwar da mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari. A 1986 Nijeriya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, SONARA ma ba ta wuce ƙarshen shekarun 1980 ba. Dangantakar yankin da Kano ta ci gaba, har ta ƙaru, amma ta bar tashar jirgi ta koma tashar mota.

8. Kwatanci da wata tashar Japan

Kwatanci da ƙasa mai nisa yana taimakawa wajen rarrabe abin da yake na mulkin mallaka da abin da yake na reluwe ko'ina. Layin farko na Japan, daga Shimbashi zuwa Yokohama a 1872, injiniyoyin Ingila ne suka tsara shi, kuma faɗinsa milimita 1,067 ne, daidai da na Kano. A tsibirin Hokkaido dogo ya isa Yubari a 1892 domin kwasar kwal. Garin ya bunƙasa har mutanensa suka haura 110,000 wajen 1960. Da aka rufe ramukan kwal mutane suka watse, hukumar garin ta karye a 2007, aka rufe reshen Yubari a 2019. Wannan tarihin Malam Madori ne da wani harshe: tashar da kaya guda ya haifa, in kayan ya mutu, sai ta bi shi.

Bambancin yana wajen wanda yake da murya. Japan ta mayar da manyan layukanta mallakar ƙasa a 1906, kuma dokar 1922 ta jera layukan karkara 149 da za a gina, yawancinsu saboda matsin wakilan yankuna a majalisa. Lokacin da dokar 1980 ta ware layuka marasa riba, an miƙa da yawa daga cikinsu ga kamfanonin da hukumomin yankin suka shiga ciki, maimakon a rufe su. Mutanen da tasha take yi wa aiki suna da hannu a buɗe ta da rufe ta. Manomin Dungas kuwa ya cika taragun Gagarawa shekara arba'in ba tare da yana cikin ƙasar da ta mallaki tashar ba, balle a tambaye shi.

9. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa Magarya da Dungas suna da tarihin reluwe, kuma tarihin yana bayan iyaka. Tashar Kano ta juya fuskar yankin daga Bahar Rum zuwa Tekun Atalantika, ta mayar da shi gonar gyaɗa, ta kuma sa hukumomin Zinder da Yamai dogaro da abin da ba nasu ba. Nisa ne ya hana a juya ƙofar, kuma haɗuwar yaƙi da fari da cuta da kwalta ne ya rufe ta.

Wannan yana da amfani biyu. Ga mai bincike, tarihin tattalin arzikin kudancin Damagaram ba ya rubutuwa daga rahotannin kwamandoji da ke ajiye a Yamai kaɗai. Dole a haɗa su da takardun lardin Kano da na reluwe da ke Kaduna, da kuma bakin tsofaffin direbobi da masu sikeli da ƴan dako na Magarya da Tinkim da Maigatari, waɗanda kullum raguwa suke yi.

Ga masu tsara ƙasa kuma, a ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284 da faɗin milimita 1,435, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil. Taswirarsa ta bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Jihar Damagaram ba ta cikin taswirar, amma tashar Daura za ta kasance a ƙofar Magarya da Matamai. Ke nan yankin zai sake samun tasha a bayan iyaka, kamar a 1911 da 1930. Rufe iyakar 2019-2020 da na bayan juyin mulkin Yulin 2023 sun tuna mana abin da 1940 da 1984 suka riga suka koyar. Abin da ya kamata a tattauna tun yanzu shi ne hanyoyin da za su kai kaya bakin wannan tasha, da yarjejeniyar wucewar kaya da za ta tsira daga saɓanin gwamnatoci, da kuma kayan da za a loda, don kada a sake rataya yanki guda a kan amfanin gona guda.